Na'urar Danshi da Makullin Shagon Yaya

Kafin wani ya ba ku labarin nan a karkace, musamman mai wankin layinmu, gara ku ji shi daga bakin mai shi. Ni ne ake kira Injiniya. Ba wanda ya raɗa mini sunan, ni na duba na ga ya dace da ni, na ɗauka. Na yi shekara ɗaya da rabi a makarantar koyon sana'a, na baro ta da na lura malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani. Su suna da nasu bayanin, wanda ya shafi wani ƙadangare da aljihun teburin malamin lissafi, amma wannan ba ya cikin maganarmu ta yau.

Yayata tana da shagon buga takardu a tsakiyar layin, mai aski a damarta, mai wanki a hagunta, gidan burodi a can ƙarshe. A nan nake aiki, ko kuma in ce a nan nake ba da shawara, ita kuma take kiran abin shara da ɗaukar kaya. Matsalar shagon ɗaya ce. Idan iska ta bushe, takardu sai su manne da juna, injin bugawa ya riƙa jan uku-uku yana tauna su. Da abin ya ishi Yaya, sai ta kira wani mai haɗa inji. Ya kafa injin feshi a jikin silin, ya ja masa bututu daga tankin da ke kan rufi, sannan ya rataye wani ɗan farin akwati kamar sabulun wanka a ƙusa kusa da taga. Ba shi da waya ko ɗaya, sai ɗan gilashi mai nuna lamba. Wannan ita ce na'urar auna danshin iska.

Mutumin ya yi bayani mai tsawo. Ban ji ba, domin a lokacin ina yi masa bayanin yadda ake riƙe sukudireba. Abin da ya faɗa, wanda sai daga baya na ji shi da kyau, shi ne injin feshin ba shi da ido, na'urar ce idonsa. Idan ta ce danshi ya yi ƙasa da hamsin, sai ya yi ta feshi. Idan ta ce ya wuce, sai ya tsaya. Kuma yana jin maganarta ko tana ƙarshen layi.

Ranar da abin ya faru, Yaya za ta je sayen tawada a can ɗaya gefen gari. A kan babban tebur akwai takardun shaida ɗari huɗu na wata makaranta, an buga su da zinariya a gefe, an shimfiɗa su tawada na bushewa. Washegari da safe za a raba wa ɗalibai. Ta ciro makullin shago daga jakarta, ta riƙe shi a sama ba ta sake shi ba.

"Ƙarfe huɗu zan dawo tare da hedimastan makarantar," ta ce. "Aikinka ɗaya ne. Ka zauna."

"Yaya, kina magana da mutumin da ya san wutar lantarki ciki da waje."

"Na sani, ni na biya kuɗin rediyon Baba. Ka zauna. Kada ka gyara komai, kada ka inganta komai. In na dawo na tarar da shagon nan yadda na bar shi, makullin ya zama naka. In na tarar da ko ƙura ta sauya wuri, gobe ka koma shagon Kawu."

Shagon Kawu shagon ƙusa ne. Babu rediyo, babu benci, babu mai wucewa, kuma Kawu kalma uku yake yi a rana, biyu daga ciki tsaki ne. Na yi wata huɗu a can na kusa manta muryata. Na karɓi makulli da hannu biyu.

Na zauna, wallahi na zauna, har minti ashirin. Sai idona ya faɗa kan ɗan akwatin. Hamsin. Na matsa na ce masa, "Kai kuma me kake gani?" Sai ya koma hamsin da shida. Na hura masa iska, ya haye saba'in. Na ja baya, ya sauko a hankali. Wani mutum zai ce numfashi ne mai danshi, ya koma ya zauna. Ni kuwa ba wani mutum ba ne. Na cire shi daga ƙusa, na jefa a aljihu, na kulle shago gam don kada ƙura ta sauya wuri, na shiga wurin mai aski.

Bencinsa cike yake kamar kullum da mutanen da ba aski suka zo ba.

"Jama'a," na ce, "ƙarya ta ƙare a layin nan. Wannan na'ura daga waje aka kawo ta. Tana auna gaskiyar magana. Lamba ta yi ƙasa, gaskiya ce. Ta wuce sittin, mai magana ya yi ƙari. Ta wuce tamanin, a kama shi."

Mai aski ya kashe injinsa ya leƙo. "Wannan ba abin shagon Yayarka ba ne?"

"Da me kake tsammani take gane masu cewa gobe za su dawo? Zo ka maimaita mana labarin babban ɗan ƙwallon da ka yi wa aski."

Na kai masa na'urar dab da leɓe. Ya gyara tsayuwa.

"Da hannuna na yi masa aski. Har ya ce bai taɓa ganin hannu mai sanyi irin nawa ba."

Saba'in da takwas. Bencin ya wargaje da dariya.

"To direbansa ne," in ji mai aski.

Saba'in da ɗaya.

"Ƙanen direban."

Na ɗan janye hannuna baya, lamba ta sauko hamsin da tara. Wani tsoho da ke ƙarshen benci ya share hawaye ya ce shekara tara yana jiran wannan rana. Daga nan ban sake tafiya ni kaɗai ba. Na fito, mutum goma sha biyu suka biyo ni, har da wanda aka yi wa rabin saje.

Mai wanki yana tsaye a bakin teburinsa yana guga. Tun ranar da na baro makaranta bai taɓa kirana Injiniya ba, sai Rabin Zango, wai don ban ƙarasa karatu ba.

"Rabin Zango," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "yau kuma wa za a cuta?"

"Tambaya ɗaya ce, Malam. Shuɗiyar rigata da ka ce iska ta ɗauke daga igiya. Iskar ce?"

"Iskar ce."

Na jira daidai lokacin da ya yayyafa wa wando ruwa ya danna dutsen guga, na miƙa na'urar cikin tururin da ya tashi. Casa'in da huɗu. Na ɗaga ta sama na juya da ita kowa ya gani. Wani ya ce shi ma safarsa ɗaya iska ta ɗauke. Wani ya ce ashe iskar layin nan lambar wuyanta goma sha shida.

Mai wanki ya ajiye dutse, ya kalli na'urar, ya kalle ni.

"Tururi ya hau kanta. Ruwa take aunawa, ba magana ba. Ku kai ta bakin butar shayi ku ga ko buta ma maƙaryaciya ce."

"Kun ji ko," na ce wa jama'a. "Duk wanda ta kama sai ya zama masanin kimiyya."

Muka bar shi yana magana shi kaɗai, muka nufi gidan burodi. Mai burodi mutum ne mai tumbi da fara'a, wanda burodinsa ke ƙanƙancewa duk wata kamar sabulu. Na same shi a bakin tanderu yana fito da tire. Zafin wurin ya busar mini da ido. Ban shirya masa komai ba, na dai miƙa na'ura.

"Maigida, burodinka ya ragu ko bai ragu ba?"

Ya kalli jama'a. "Shekara goma ban rage ko ƙwayar fulawa ba."

Goma sha ɗaya.

Ni kaina na sake dubawa. Shi ma ya leƙo, ya ga lamba, bakinsa ya buɗe a hankali.

"Ƙasa ita ce gaskiya, ko?"

"Ban taɓa ganin ta sauka haka ba," na ce, kuma wannan ita ce gaskiyar da na faɗa ranar.

Mutumin nan ya rungume ni da fulawa da komai. Ya ƙwace na'urar ya rataye ta a ƙusa saman bakin tanderu, inda duk mai saye zai gani. Ya sa aka kawo mini kujera mai hannu, da burodi mai zafi, da bota. Ya ce daga yau ni ɗan gida ne.

Labari ya zaga. Nan da nan maƙaryatan layin suka gano cewa a gidan burodi na'urar tana da sauƙin kai, sai suka yi layi. Mai aski ya dawo ya ce ɗan ƙwallon ne da kansa, goma sha biyu, ya fita yana neman tsohon nan. Mai gyaran waya ya rantse bai taɓa sauya wa kowa batir ba, goma sha ɗaya. Wata mata ta jawo mijinta da hannun riga.

"Ya ce ya daina shan taba. Auna mini shi."

"Na daina tun bara," in ji mijin, yana kallon ƙasa.

Goma sha biyu.

"To ni ce maƙaryaciya ke nan? Jiya na tsinci kwali a takalminsa. Auna ni."

Goma sha biyu.

Suka juyo gare ni su biyun. Na ajiye burodi na gyara murya.

"Abin a fili yake. Ya daina, kuma bai daina ba. Kimiyya ta yarda da irin wannan."

Haka na zauna a kujerar nan awa uku ina yanke hukunci, na raba gardamar gado ɗaya, na wanke wani da ake zargi da satar tantabara. Duk tsawon lokacin na'urar tana rataye a wuri mafi bushewa a unguwar tana kiran goma sha ɗaya, kuma can a shagon Yaya, bayan ƙofar da na kulle gam, akwai mai sauraronta.

Wajen ƙarfe uku da rabi mai wanki ya shigo, ƙafar wandonsa a naɗe.

"Rabin Zango, shagon Yayarka na fitsari."

"Auna shi," in ji mai burodi.

"Ba sai an auna ni ba. Ya kai bakin teburina."

Na tashi da gudu, jama'a a bayana. Ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, siriri, mai launin shuɗi da ɗan zinariya-zinariya. Na buɗe. Wani farin gajimare ya fito ya lulluɓe mu. Ba a ganin tebur, ba a ganin inji, sai ƙarar feshi daga sama, da ɗigar ruwa daga silin. Kalandar bango ta naɗe kanta. Takardun shaida kuwa kowace ta lanƙwashe gefe ta zama ɗan kwale-kwale, wasu har sun sauka ƙasa sun kama hanya.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," na ce. "Bututu ne ya fashe. Aikin minti biyu."

Na zaga baya, na tarar da kan famfo uku a jere. Injiniya ba ya tambaya. Na murɗe na farko. Daga cikin shagon gyaran gashi da ke bayanmu wata murya ta tambayi wane marar aikin yi ne ya ɗauke ruwa tana da kumfa a ka. Na murɗe na biyu da ƙarfi, kan ya fito a hannuna, ruwa ya tsarto mini a fuska. Na uku ya yi tsatsa ya ƙi motsi. Wannan ne namu.

Na dawo a jiƙe na ce a ba ni tsani. Na hau, na lalubi injin cikin gajimare, ban sami maɓalli ba, wayarsa ta shige cikin bango. Na cire rigata na toshe masa baki ɗaya, sauran bakunan uku suka ƙara ƙarfi. Na sauko na ce a kawo fanka. Mai aski ya kawo tasa babba mai tsayuwa, muka kunna a bakin ƙofa. Gajimaren bai fita ba, takardun ne suka fita. Suka tashi kamar tantabaru, ɗaya ta manne a fuskar tsohon nan, ya ɓamɓaro ta ya karanta ya ce shi dai bai taɓa zuwa na ɗaya a lissafi ba sai yau.

"Wuta," na ce. "A kashe wuta baki ɗaya."

Na buɗe akwatin mita da ke jikin bango na ja babban makunni. Feshi ya tsaya. Na juyo na buɗe hannuwa don karɓar tafi. Sai na ji layin gaba ɗaya ya mutu. Injin kwaɓa fulawa ya tsaya, firjin mai sayar da ƙanƙara ya yi shiru, wani ƙato ya fito daga shagon aski da tawul a wuya, rabin kansa fes, rabin daji.

"Wa ya taɓa wuta?"

Hannu ashirin suka nuna ni.

"Ranka ya daɗe, minti goma kawai."

"Ƙarfe biyar ake jirana wurin neman aiki. Da wannan kan zan je?"

"Ai yanzu haka matasa suke yi."

Ya ɗaga ni daga gaban akwatin kamar jakar wanki, ya ajiye a gefe, ya mayar da makunni. Feshi ya dawo da sabon ƙarfi.

Mai wanki yana jingine da bango, hannu a ƙirji, yana jin daɗin duniya.

"Rabin Zango, ina abin nan yake rataye da safe?"

"Wane abu?"

"Alƙalin naka."

"A shago."

"Yanzu fa?"

"Saman tanderu."

"Me yake cewa a can?"

"Goma sha ɗaya."

"Wa yake gaya wa?"

Na kalli silin. Na kalli ƙarshen layi. Ina so a rubuta cewa da ma na kusa gano hakan da kaina, ya dai riga ni buɗe baki ne.

Na kwasa a guje zuwa gidan burodi. Mai burodi ya tare ƙofa da tumbinsa.

"Ba inda za ta. Tun da aka rataye ta ciniki ya ninka."

"Maigida, ba ta auna gaskiya. Danshi take aunawa. Ni na ƙirƙiro zancen."

Ya ciro ta daga ƙusa ya kai mini baki. "Sake faɗa."

"Ƙarya na yi muku."

Ina haki, ina ɗigar ruwa, numfashina ya hau kanta. Sittin da takwas.

"Kun gani," ya ce wa masu saye. "Ya wuce sittin. Ƙarya yake yi da ya ce ƙarya ya yi."

Ban tsaya gardama ba. Na fizge ta na bi ta ƙarƙashin hannunsa. Ya biyo ni da dogon cebur ɗin fito da burodi, matar mai taba ta biyo shi tana cewa a sake auna mata miji a wani wurin, mijin ya biyo ta yana cewa hukunci ya riga ya wuce, mai kumfa a ka ta fito daga lungu ta shiga sahu ba tare da ta san wa ake bi ba. Na tsallake kwata, na zame a ruwan shuɗi, na shiga shago a kan gwiwa, na'ura a sama.

Injin ya yi ɗan tari, ya yi shiru. Haka kawai. Ba tsani, ba fanka, ba makunni.

Gajimaren ya fara washewa. Abin da ya fara bayyana a bakin ƙofa jakar Yaya ce, sai Yaya, sai wani dogon mutum mai tabarau a gefenta yana goge gilashinsa da hankici. Ya mayar da tabarau, ya sunkuya ya ɗauki wata takarda da ke iyo kusa da takalminsa. Sunan ɗalibin ya narke ya gangaro har kan hatimi. Sannan ya dube ni da kyau, ni ma na dube shi. Malamin lissafi ne. Ashe ya samu ci gaba.

"Kai ne," ya ce.

"Ni ne, Malam. Barka da ƙarin girma."

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta taka cikin ruwa ta zagaya tebur, ta taɓa bandir ɗin takardun da ke kan kanta, ta ga na can sama cikin leda ba su jiƙe ba. Ta juya wurin hedimasta.

"Malam, ka ba ni zuwa ƙarfe bakwai na safe. Zan sake bugawa, ko ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba."

"Shi zai taimaka?"

"Shi zai kwashe ruwa. Da bokiti. A waje zai tsaya."

Na miƙe na gyara abin da ya rage na mutuncina. "Yaya, in aka duba ta wani ɓangaren, yau mun tabbatar injin yana aiki, kuma zangonsa ya kai har gidan burodi. Mutane na biyan kuɗi a yi musu irin wannan gwajin."

Ta miƙo hannu. Na sa mata na'urar. Ba ta janye hannun ba. Na laluba aljihu na ciro makulli, ya ɗiga sau biyu, na ɗora mata. Mai wanki daga bakin ƙofa ya ce zai aika wa Kawu ya share mini wuri, kuma in na ga dama yana da wata shuɗiyar riga da zai ara mini in je da ita.

Hedimasta ya karɓi na'urar daga hannun Yaya, ya kai ta kusa da tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Nawa ta nuna, Malam?" in ji mai aski.

"Casa'in da tara." Ya juyo da gilashin wajena. "Shekara ɗaya da rabi ina koyar da shi, bai taɓa kawo mini ko ashirin ba."

"Malam, ka shaida dai da hannuna na samo ta," na ce.

Yaya ta miƙo mini bokiti.